Idan an nuna maka bambanci a wurin aiki: yadda za ka bi haƙƙinka daga ofishin manaja har zuwa kotu

Ƙanwata ta yi shekara huɗu tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a wajen Hotoro. Da cikinta na biyu ya fito, mai makarantar ya kira ta ofis ya ce, "Malama, ki je gida ki huta, in kin sauka lafiya ma yi magana." Albashin watan bai shigo ba, na gaba ma shiru. Bayan arba'in da ta koma, ta tarar an ba wa wata ajinta. Ta zo gidana da kuka, ni kuwa abin da na fara tambayarta shi ne ina takardar ɗaukarta aiki. Ta ce, "Yaya, ai ba a ba mu takarda, magana kawai muka yi."

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Kano gari ne na amana, ana cinikin miliyoyi a Kantin Kwari da baki kawai, kuma muna alfahari da haka. To amma alƙali ba ya cikin ɗakin ranar da aka yi maka alkawari, bai kuma ji abin da sufabaiza ya faɗa maka a bakin injin ba. Abin da za ka iya ajiyewa a gabansa shi yake gani. Dokokin da ke kare ma'aikaci a Nijeriya sun fi yadda mutane suke zato ƙarfi, sai dai ba sa yi wa wanda ya zo hannu rabbana aiki. Don haka mafi yawan abin da zan faɗa a nan a kan shiri ne, tun kafin a kai ga lauya.

Mataki na farko: tantance abin da aka yi maka

Ba kowane wulaƙanci ne doka take kira nuna bambanci ba. Manaja mai baƙin hali da yake yi wa kowa tsawa, masifaffe ne kawai. Bambanci shi ne a yi maka abin da ba a yi wa abokin aikinka da kuke matsayi ɗaya ba, kuma dalilin ya zama wani abu ne game da kai wanda bai shafi ƙwazonka ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa su: al'ummar da ka fito, ƙabila, garin asali, jinsi, addini, ra'ayin siyasa, da kuma yanayin haihuwarka. Wannan na ƙarshe yana da faɗi, domin ya haɗa da gorin asali irin na "ai 'ya'yan bayi ne" ko na wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba.

Ka yi wa kanka tambaya ɗaya: wa aka yi wa saɓanin abin da aka yi mini? Idan ku biyar kuka makara, kai kaɗai aka yanke wa albashi, akwai abin dubawa. Idan an ƙara wa duk maza girma an tsallake ki, alhali kin riga su shiga aiki kuma ba a taɓa ba ki takardar tuhuma ba, nan ma akwai. Kuma abin yana tafiya ta kowane ɓangare. Bahaushen da aka hana shi fita sallar Juma'a a wata masana'anta a Bompai, alhali ana barin wasu su fita uzurinsu, da Kiristan Sabon Gari da aka ce masa kujerar akanta "ba ta irinku ba ce", sashe ɗaya ne yake kare su, tare da sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin addini. Maganar hijabi ma ta taɓa kaiwa Kotun Ƙoli, wadda a watan Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sanya shi. Shari'ar ɗalibai ce, ba ta ma'aikata ba, amma lauyan da ya san aikinsa zai jawo ta.

Bayan kundin tsarin mulki akwai dokoki na musamman. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ɗora wa kamfanin da ya saɓa tarar naira miliyan ɗaya, mutum ɗaya kuma naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta kuma ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su kasance masu buƙata ta musamman. Dokar 2014 ta hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau ta haramta a mayar da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki, ta kuma hana a kori mutum ko a tona asirinsa saboda sakamakon gwaji. Wannan ya kamata a sani, domin akwai wuraren da ake tura sabon ma'aikaci asibitin kamfani a ɗebi jininsa ba a faɗa masa abin da za a gwada ba, bayan kwana biyu a ce masa "ba mu buƙatarka".

Mai ciki kuwa sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ne garkuwarta. Tana da hutun mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, da mako shida bayan haihuwa. Idan ta kai wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon hutun. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana don ba jariri nono. Kuma ba a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke samu da cikakken albashi, maza kuma an ba su kwana 14 na aiki idan an yi musu haihuwa.

Sai neman lalata da sunan "zan taimake ki". A gidajenmu ba a son a ɗaga wannan magana, ana cewa yarinya ta rufa wa kanta asiri ta bar aikin. Doka ba haka take kallonsa ba. A 2013 Kotun Ma'aikata a Legas ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya ta shigar a kan wani babban kamfanin kwamfuta, bayan an kore ta don ta ƙi amsa buƙatar shugabanta. Kotu ta ce wannan nuna bambanci ne saboda jinsi, kuma ta ɗora wa kamfanin diyya, ba shugaban kaɗai ba.

Mataki na biyu: san wane irin ma'aikaci ne kai

Dokar Ƙwadago ba kowa take rufewa ba. "Ma'aikaci" a wurinta shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu: lebura, direba, mai gadi, mai kula da injin, magatakarda. Manaja, injiniya, likita da sauran ƙwararru, kwantiraginsu da littafin ƙa'idojin kamfani ne suke magana a kansu. Wannan ba ya nufin ba su da kariya daga bambanci, domin kundin tsarin mulki da Kotun Ma'aikata na kowa ne. Ma'aikacin gwamnati kuma da aka ɗauka bisa dokar da ta kafa hukumarsa ya fi kowa gindin zama: idan ba a bi ƙa'idar ladabtarwa ba wajen korarsa, kotu tana iya cewa a mayar da shi kujerarsa. A kamfani mai zaman kansa da wuya a yi haka, yawanci kuɗi ake ba ka.

Ga abubuwan da mai aikin ƙarfi ko akawu yake da su ko da ba a rubuta masa ba. Cikin wata uku da fara aiki dole a ba shi rubutacciyar takarda mai sunan mai aikin, irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu da wa'adin sallama. Bayan wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Rashin lafiya, har kwana goma sha biyu a shekara ana biyansa in likita ya tabbatar. Ranar hutu ɗaya a kowane mako. Abin da za a cire a albashinsa a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yarda mai aiki ya riƙa cin ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba. Notis ɗin sallama yana bin daɗewa: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis. In rage ma'aikata za a yi, ƙa'idar ita ce wanda ya shigo a ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma sai an sanar da ƙungiyar ma'aikata. Ka riƙe wannan da kyau, domin da sunan rage ma'aikata ake yawan fakewa a tsince waɗanda ba a so.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira dubu 70 ne tun watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta amince da dubu 71 ga ma'aikatanta. Sai dai dokar ta tsame wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin rabin lokaci da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi. Fansho, bisa dokar 2014, mai aiki yana zuba kashi 10, kai kana zuba kashi 8, kuma wajibi ne a kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. Ka riƙa duba asusunka. Cirewa a albashi daban, zubawa daban.

Wani abu da ya zama ruwan dare a masana'antun Sharaɗa da Challawa shi ne mutum ya shekara bakwai yana shiga ƙofa ɗaya, amma a takarda shi "na wucin gadi" ne, ko kuma yaron wani ɗan kwangila ne da bai taɓa gani ba sai ranar biya. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Kotun Ma'aikata tana duba haƙiƙanin abin da ke ƙasa: wa yake ba ka umarni, wa yake tsara maka shiftin, kayan wa kake sawa. Ta sha ɗaukar kamfani da ɗan kwangilarsa a matsayin iyayen gida biyu na ma'aikaci ɗaya.

Mataki na uku: tara hujja tun kana ciki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka kore ka, za a karɓe katin shaidarka a bakin get, a cire ka daga zauren WhatsApp na ma'aikata, a rufe imel ɗinka na ofis. Abin da ba ka kwashe ba kafin nan ya tafi.

Ka sayi ɗan littafi na naira ɗari biyu ko uku, ka ajiye shi a gida, ba a lokar wurin aiki ba. Duk ranar da wani abu ya faru ka rubuta a daren: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, wa ya faɗi me, su wa suke wurin. Ka rubuta kalmomin yadda suka fito daga bakinsa. "Ya zage ni" ba ya kai ko'ina. "Ranar Talata da misalin ƙarfe goma, a sito, a gaban direbobi biyu, ya ce mini gurgu ba zai riƙe masa mukulli ba" magana ce da za a iya tsayawa a kanta. Bayan shekara biyu a gaban alƙali, lauyan kamfani zai yi ta juya ka a kan ranaku, kuma wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa kaɗai yakan rikice.

Sai takardu. Takardar ɗauka aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, takardun albashi, duk wata takardar tuhuma da amsar da ka bayar, takardun asibiti, littafin ƙa'idojin ma'aikata. Ka yi fotokwafi, ka ɗauki hoto ka tura wa imel ɗinka na kanka. Idan kamar ƙanwata ba a taɓa ba ka takarda ba, akwai abin da yake maye gurbinta: bayanan asusun banki da ke nuna alat ɗin albashi daga sunan kamfani ko mai shi kowane wata, katin shaida, rigar aiki, hoton rajistar sa hannu, jadawalin aiki mai sunanka, saƙonnin da ake turo maka na umarni. Rashin ba ka takarda laifin mai aikin ne, ba naka ba. Wanda ake biya a hannu kuwa, ya nemi a riƙa tura masa ta banki, ko ya ɗauki hoton takardar da yake sa hannu a kai ranar biya.

Saƙonnin waya suna da nasu sharaɗi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a haɗa hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta da takardar shaidar na'urar da ta fito daga ciki. Lauya zai shirya wannan, naka shi ne kada ka goge saƙon, kada ka sayar da wayar a Farm Centre saboda matsin rashin albashi, kuma hoton saƙon ya nuna lamba da kwanan wata. Mata da yawa suna goge saƙon batsa saboda kunya ko tsoron kada maigida ya gani. Na fahimci dalilin, amma wannan saƙon shi ne shari'ar gaba ɗaya. Ki tura wa wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ki faɗa wa mijinki ko waliyyinki da wuri da bakinki, kafin wani ya juya labarin.

Gargaɗi ɗaya: ka kwashi abin da ya shafe ka kawai. Idan ka ɗebi sirrin kasuwancin kamfani ko bayanan abokan cinikinsa, ka ba su sandar dukanka, har ma su kai ka wurin 'yan sanda.

Shaidu kuma, kada ka ɗora musu rai da yawa. Abokin da ya rantse zai tsaya maka yana da 'ya'ya, kuma albashinsa a hannun wanda kake ƙara yake. Waɗanda suka riga suka bar wurin sun fi sakin baki, don haka ka riƙe lambobinsu.

Mataki na huɗu: kai koke a cikin gida, a rubuce

Ka fara da magana ta mutunci, wannan tarbiyyarmu ce kuma sau da yawa ta isa. Amma in ka fito daga ofishin, ka bi ta da rubutu. Takardar ta zama gajeriya, babu zagi, babu barazana, babu "Allah ya isa". Da Turanci aka fi yi a ofisoshi, amma abin da za ta ƙunsa kamar haka ne:

"Yallaɓai, ina aiki a sashen ajiya tun watan Maris na 2021. A ranar kaza shugaban sashe ya cire sunana daga jerin masu zuwa horo, ya kuma ce a gaban wane da wane ba a kashe wa matar aure kuɗin horo. Abokan aikina maza uku da muka shigo tare duk an tura su. Ina roƙon a binciki wannan a mayar da sunana. Na gode."

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka tafi da shi gida. In sun ƙi karɓa, ka tura ta imel ko ta kamfanin aika saƙo ka ajiye rasit. Amfanin wannan biyu ne. Kamfani ba zai ce daga baya bai sani ba. Sannan idan aka kore ka mako biyu bayan takardar, kusancin ranakun kansa yana magana, domin ruwa ba ya tsami banza.

In akwai ƙungiyar ma'aikata a wurinku, ka sa ta a ciki tun yanzu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga ƙungiya, Dokar Ƙwadago kuma ta hana a kore ka ko a sa maka sharaɗin barinta. Na san akwai shugabannin ƙungiya da suka fi kusa da manaja fiye da 'yan'uwansu, amma ko irin waɗannan, takardar da ta bi ta hannunsu ta ƙara zama shaida. A wannan tsakanin ka zama ma'aikacin da ba shi da abin kamawa. Zo da wuri, yi aikinka, amsa duk takardar tuhuma a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka. Daga ranar da ka yi koke ana neman inda bango ya tsage.

Mataki na biyar: ranar da aka kira ka ofis

Wannan ita ce ranar da mutane suke zubar da shari'arsu cikin minti biyar. Za a ajiye maka takarda a ce, "Rubuta ka ajiye aiki da kanka, ya fi maka mutunci, kuma za mu ba ka takardar shaida mai kyau." Ko a miƙo maka ambulan da wata takarda da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka, ba ka bin kamfani komai.

Kada ka sa hannu a ranar. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwafi in je in karanta, gobe zan kawo amsa." Babu dokar da ta tilasta maka sa hannu nan take. Idan takardar kora ce aka ba ka, karɓa ba laifi ba ne, ka rubuta "na karɓa" da kwanan wata kawai, ba "na amince" ba. In da baki aka ce kada ka sake zuwa, ka nemi a rubuta. In an ƙi, kai ka rubuta musu washegari cewa jiya wane ya ce ka daina zuwa, kana neman bayani. In ba haka ba, sai a ce kai ne ka gudu daga aiki.

Wanda aka riga aka matsa masa ya rubuta takardar ajiye aiki, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Kotun Ma'aikata ta yarda cewa murabus ɗin dole kora ce a fakaice. Sai dai yanzu nauyin tabbatar da tilascin yana kansa, don haka ya gaggauta rubuta musu cewa ba da son ransa ya sa hannu ba.

Mataki na shida: masu shiga tsakani

Ba na cikin masu raina sulhu. Dattijon unguwa, limami, ko wani da Alhaji yake jin nauyinsa, kan karɓo a kwana uku abin da kotu za ta shekara tana nema. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake tara mutane a ce wa ƙarami ya yi haƙuri, a tashi da addu'a, ba a ambaci ko sisi ba. In za a yi sulhu, ka je da lissafinka a rubuce: albashin wata nawa, kuɗin notis, kuɗin hutu, fanshon da ba a zuba ba. Abin da aka amince a rubuta, da ranar biya, shaidu su sa hannu. Mu da aka umarce mu a cikin Suratul Baƙara da rubuta bashi, bai kamata takarda ta zama abin kunya a wurinmu ba.

In na gida ya gagara, akwai ofisoshin da ba sai da lauya ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da ofishi a Kano, jami'anta suna gayyatar mai aiki a zauna, kuma takarda mai tambarin gwamnati kaɗai kan sa wasu su biya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana karɓar koken nuna bambanci kyauta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, akwai kuma ta jihar Kano mai karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, musamman ga abin da ya shafi ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi. Maganar fansho ta hukumar fansho ta ƙasa ce, wato PenCom. Mata suna iya zuwa wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, marar hali kuma ya gwada hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya. Reshen jiha na manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, su ma ƙofa ce.

Wanda injin ya ci wa yatsa ko ya yi haɗari a hanyar zuwa aiki, tasa hanyar daban ce. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan wannan diyya. Ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Kuɗin magani da aka ba ka a ambulan ba shi ne diyyar ba.

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar albashi ba ne. Amma in an kai ga duka, ko taɓa jiki, ko fyaɗe, wannan laifi ne na hukunci, a je asibiti da wurin 'yan sanda a ranar, shari'ar aiki ta biyo baya.

Mataki na bakwai: kotu

Kotu ɗaya ce take da hurumin rikicin aiki: Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Kano. Gyaran kundin tsarin mulki na uku na 2010 ne ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba ta ita kaɗai ikon sauraren duk abin da ya shafi aiki, ya kuma ambaci nuna bambanci da cin zarafi na lalata a wurin aiki ƙarara. Saboda haka kai irin wannan ƙara kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ɓata lokaci ne, lauyan kamfani zai tashi ya ce ba ta da hurumi, a koma farko.

Abin da ya sa wannan kotu ta bambanta shi ne an ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Akwai na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 100 a kan biya ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya, da mai lamba 111 a kan nuna bambanci, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2002, da mai lamba 190 a kan cin zarafi a wurin aiki, a 2022. Da can ƙa'idar ita ce maigida yana iya sallamar yaronsa da dalili ko babu dalili, in dai ya ba da notis. Yanzu wannan kotu ta sha cewa kora ba tare da ingantaccen dalili ba rashin adalci ne. Lauyoyi suna ja-in-ja a kan iyakar wannan, amma a kan korar da aka yi saboda ciki, addini, ƙabila ko naƙasa, ƙafarka a kan dutse take in kana da hujja.

Kada ka yi jinkiri. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata uku na shigar da ƙara a kansu, kuma hukunce-hukuncen manyan kotuna sun saɓa a kan ko tana shafar rikicin aiki. Ma'aikacin gwamnati ya ɗauka tana shafarsa, ya ga lauya cikin makonnin farko, kada ya zauna jiran amsar takardar roƙo har wa'adin ya wuce. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su ƙara. Na kamfani yana da sarari fiye da haka, amma shaidu suna watsewa, kamfanoni suna canza suna.

A wannan kotu komai tare ake shigarwa tun farko: takardar ƙara, bayanin abin da ya faru, rantsuwar shaidu a rubuce, da kwafin duk takardun da za ka dogara da su. Wanda ake ƙara yana da kwana 14 ya amsa kira. Ƙa'idojin kotun na 2017 sun ware babi guda a kan bambanci da neman lalata, inda ake so mai ƙara ya fayyace irin abin da aka yi masa dalla-dalla, kuma a nan ɗan littafin nan naka zai biya kuɗinsa. Kotun tana da cibiyar sulhu, alƙali yana iya tura ku can, abin da kuka daidaita a kai ya zama hukunci. Ka nemi lauyan da ya saba shiga wannan kotu, ba kowane lauyan fili da gado ba, ku yi maganar kuɗinsa a rubuce tun ranar farko. Ka tambaye shi gaskiyar abin da za a iya samu. Idan abin da kake bi albashin wata biyu ne na dubu arba'in-arba'in, ofishin ƙwadago ya fi maka kotu. Idan kora ce ta wulaƙanci bayan shekara goma, da hujja a hannu, kotu tana iya ba da albashin da aka riƙe, kuɗin notis, da diyyar cin mutunci a kai. Ka shirya wa shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, ka kuma ci gaba da neman wani aikin, domin shigar da ƙara bai hana ba.

Yaran shago na Kwari, Singa da Sabon Gari, waɗanda suke yi wa maigida hidima shekaru bisa alkawarin sallama, su ne suka fi kowa zama a fili. Dokar Ƙwadago ta san koyon sana'a, ta ce a rubuta yarjejeniyar jami'in ƙwadago ya shaida, amma a kasuwa wa yake yi? Mafi ƙarancin abin da uba zai yi ranar da zai damƙa ɗansa shi ne a zauna da shaidu biyu da wani daga shugabannin kasuwar, a rubuta shekara nawa, da me za a sallame shi, da abin da zai faru in an rabu kafin lokaci.

Ƙanwata ba ta kai kotu ba. Mun je banki mun fitar da bayanan asusunta na wata arba'in da takwas, kowane wata da sunan makarantar a jikin alat. Mun haɗa da katin awo, da saƙon da hedimasta ya turo mata cewa kada ta zo ranar Litinin. Muka rubuta takarda shafi ɗaya muka ambaci sashe na 54, muka kai kwafi ofishin ƙwadago. A zama na biyu mai makarantar ya biya rabin albashin mako goma sha biyu da kuɗin notis na mako biyu. Ya ce ta dawo aji in tana so, ta ce ta gode, ta riga ta samu wata makarantar a Tarauni, kuma ba ta fara ba sai da suka ba ta takarda.